Jaka Mai Majanyi

Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye biro ta jira, in na share hawaye mu ci gaba, don tun da mijina ya rasu kuka ba ya yi mini sallama kafin ya zo.

Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare bakina bai taɓa kama sunan nan ba, ba kuwa zan fara yanzu da yake ƙasa ba. Maharbi ne. A ƙauyenmu, can gindin duwatsu a ƙasar Bauchi, da damina noma yake kamar kowa. In an kawar da amfanin gona sai ya ɗauki bindigarsa ya shiga daji. Shi ke harbi, ni ke ɗauko nama. Haka muka raba aikin tun ina amarya. Akwai wata ƙirya a bakin rafi, nan nake jiransa da daro da gammo. In gada ya samu, shi kaɗai ya isa ya riƙo ta. In mazo ne ko abin da ya fi mazo, sai ya feɗe a can, ya rataye naman a bishiya, ya zo ya kira ni mu koma tare.

Ba ragonci ne ya hana shi ɗauka ba, wuyansa ne. Yana saurayi ya faɗo daga bishiya garin cire zuma. Tun daga nan in ya ɗora kaya mai nauyi a ka ko a kafaɗa, hannunsa na dama sai ya mutu, ya yi kwana uku ko loma ba ya iya kaiwa baki da shi. Maharbi kuwa in ba hannun dama, ai sai zaman gida. 'Ya'yanmu maza duk sun tafi birni, babu wanda ya gaji bindiga. Ƙaninsa ne kaɗai ke bin sa daji, shi ma ya manyanta, ga ɗingishi.

Da 'yata ta kusa haihuwa suka aiko mini da takardun tafiya Malesiya, in je in yi mata wankan jego. Ita karatu take yi a Kuala Lumpur, mijinta kuma yana koyarwa a wata makaranta a Setapak. Wata uku aka ce zan yi. Ana gobe zan tashi, maigida ya same ni ina ɗaure daddawa da kuka. Ya zauna a kan turmi ya ce yana da aike.

Wasu shekaru da suka wuce ya taɓa yi wa wasu masu neman ma'adinai jagora a cikin duwatsunmu. A bayansu ya ga wata irin jaka mai ƙarfe a ciki, suna cika ta da duwatsu su yi ta hawa da sauka da ita. Ya ce irinta yake so. Ya ce, “Ƙafarki ta fara ja, ni kuma wuyana ga shi nan. In da jakar nan, ko ba ki zo ƙirya ba nama zai iso gida.” Sai ya miƙo mini wani zare mai ƙulli uku. Ya ce tela ya sa ya auna shi: ga faɗin kafaɗa, ga tsawon hannu, ga daga wuya zuwa gwiwa. Na ƙulle zaren a bakin zane.

Na isa da kwana tara 'yata ta sauka lafiya, aka samu mace. Ba a yi arba'in ba cutar korona ta sa aka rufe gari. Gidansu yana Wangsa Maju, hawa na goma sha huɗu. Ni da na saba in buɗe ido in ga awaki, sai ga ni ina leƙen jirgin ƙasa ta taga yana wucewa a sama ba kowa a ciki. Surukina kaɗai ke fita sayen cefane, in ya dawo sai ya yi wanka kafin ya taɓa jaririya. Babu jirgin komawa gida. Babu kanti a buɗe sai na abinci da na magani.

Da wayar ƙaninsa maigida yake kira na, kuma sai sun hau wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a bayan gari kafin ta kama. In su suna hantsi, mu muna la'asar. Gaisuwarsa ba ta canzawa.

“Hajiyar Malesiya, ya amaryata?” Jaririyar yake nufi.

“Tana nan tana ci tana barci.”

“To jakata fa?”

“Malam, gari a rufe yake.”

“Garin da ake tafiya a jirgi a sama, a ce ba a iya buɗe ƙofar kanti?”

Surukina ya ce ana iya saye ta waya a kawo har ƙofa. Ya nuna mini hotuna ta hannun 'yata, don ba ma zama kusa da juna ni da shi. Na ce a'a. Ko gammo ba na karɓar wanda wani ya naɗa mini, balle abin da za a ɗora wa mutum mai ciwon wuya. Sai na taɓa da hannuna.

Ana cikin haka, dab da saukar damina, ƙanin maigida ya kira ni shi kaɗai. Ya ce, “Yaya, kada ki ce ni na faɗa.” Ashe sun samu mazo, ni ba na nan, maigida ya saɓa cinyoyi biyu a kafaɗa tun daga cikin dutse har gida. Wannan karon hannun bai dawo a kwana uku ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi da hagu yake cin tuwo. Mai ɗorin garinmu ya duba shi, ya ce in ya sake, watakila hannun ya tafi ke nan. Ranar ban ci abinci ba. Na san halinsa, in rani ya zagayo zai koma daji, ko ina nan ko ba na nan. Dole jakar ta riga rani isa gida.

Bayan ƙaramar salla aka sassauta kulle, kantuna suka fara buɗewa. Surukina ya bincika ya gano wani kanti wajen Bukit Bintang, inda masu hawan dutse ke sayen kayansu. Ya zauna da jaririya, ni da 'yata muka ɗauki mota, kowa da takunkumi a fuska. A ƙofar kantin wata mata ta ɗaga wani abu kamar ƙaramar bindiga ta saita mini a goshi. Na ja da baya. 'Yata ta ce zafin jiki kawai ake aunawa. Na ce, “To ki gaya mata matar maharbi ce ni, a gidanmu ba a nuna wa mutum baki, ko da ba harsashi.”

Mai kantin wani Basine ne, wato ɗan asalin China, mai furfura, siriri, ƙwaurinsa kamar na mai tallan itace. Yana ce mini makcik, 'yata ta ce kamar gwaggo ke nan a bakinsu. Ita ta yi mana tafinta. Ta gaya masa abin da ya kawo mu, ni kuwa na kwance bakin zane na miƙa masa zaren. Ya juya shi, ya tambayi ma'anar kowane ƙulli. Da ya ji, sai ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce wannan awon riga ne. Jaka ba ruwanta da tsawon hannu. Abu ɗaya yake so ya sani: tsawon bayan mutumin, daga ƙashin nan da ke tasowa a ƙasan ƙeya in an sunkuya, zuwa daidai saman ƙugu. In jaka ta fi bayan mutum tsawo ko ta gaza, ya ce, gara ma a ɗauki kayan a buhu.

'Yata ta ce, “Inna, sai dai mu koma, a sa Baba ya sake zuwa wurin tela.”

Na ce ba inda za mu. Duk ranar da ya dawo daga daji, ni nake shafa masa man kaɗanya, daga wannan ƙashin na fara, a ƙugu na tsaya. Na ɗaga hannuna na auna a kan teburin mai kantin: ɗani biyu da yatsu huɗu. Ya kawo abin awonsa ya shimfiɗa a inda na nuna. Ya dube ni ya ce na tabbata? Na ce wa 'yata, “Ce masa in ya ga na yi kuskure a bayan nan, to ban san hanyar bakina ba.”

Jakar farko da ya sauko da ita ja ce jawur, aljihu ko'ina, zif a nan zif a can. Na murza yadin kusa da kunnena, sai ƙara yake kamar ledar burodi. Na ce gada za ta ji wannan tun daga tsallaken rafi. Kuma jini in ya shiga zif ya bushe, an gama da shi. Ta biyu yadinta shiru, launinta ma ba laifi, amma da na danna bayanta sai ta lanƙwashe a hannuna. Babu ƙarfe. Na ce wannan ta ɗaukar tufafi ce. Ta uku tana da ƙarfe, amma bakinta ƙarami, cinyar mazo ba za ta shiga ba sai an daddatsa ta, maigida kuwa ba ya son sara ƙashi a daji.

Mai kantin ya tsaya yana kallo na. Sai ya tambayi 'yata wai wane irin kaya ne za a ɗauka. Ta ce nama, ɗanye, daga cikin dutse. Ya ce, “Aaa,” ya shige can ciki. Ya daɗe, sannan ya fito da wata yana kakkaɓe ta. Launin busasshiyar ciyawa ce. Ƙarfenta daban, buhunta daban, ana iya raba su. A ƙasan ƙarfen akwai wani ɗan dandamali na yadi mai kauri, inda ake zaunar da kaya a manne su da bayan mutum, sannan a ɗaure da igiyoyi masu faɗi ta gefe da gefe. Ya ce ba kasafai ake nemanta ba, sai 'yan dako masu kai kaya kan dutse, sai kuma masu harbin aladen daji a gonakin kwakwar manja. Na ce a'uzubillahi, amma dai nauyi ba shi da addini.

Ya tambaya kilo nawa za ta ɗauka. Na ce ni ban san kilo ba, ya yi ta zubawa zan gaya masa in ya isa. Yana da wasu ƙananan buhuna na yashi don gwaji. Ya fara jerawa. Na tsayar da shi. Na ce yashi inda ka ajiye shi nan yake zama. Nama kuwa santsi gare shi, kina tafiya yana zamewa, ya koma gefe ɗaya ya ja ki, in a kan gangare ne ya kayar da ke. Wanda bai taɓa saukowa daga dutse da daro a ka ba ba zai gane ba. 'Yata ta ji kunyar fassarawa, na ce ta faɗa yadda na faɗa. Sai mutumin ya ce, “Boleh, boleh,” wato zai yiwu. Ya ɗauko wasu salkunan roba na masu kwana a daji, ya je ya zuba musu ruwa rabi-rabi don su riƙa motsi, ya ɗora su a kan yashin, ya ja igiyoyin.

Shi ya so ya goya ya nuna mini. Na ce ni zan gwada. 'Yata ta ce, “Inna, bayanki fa!” Na ce bayana ya ɗauki abin da ya fi wannan kafin a haife ki. Suka ɗora jakar a kan tebur, na juya na zura hannuwana. Sai na ga wani abu mai faɗi, mai taushi kamar katifa, yana reto ta dama da hagu daidai ƙuguna. Ban tambayi kowa ba. Na sunkuya, na ɗan girgiza kayan suka hau sama, na kama abin nan na ɗaure shi tam a kan ƙashin ƙugu. Sannan na miƙe na ja na kafaɗa kaɗan, na ƙarasa da na ƙirji. Na taka zuwa ƙofa na dawo. Ruwan yana motsi amma bai ja ni ba. Nauyin duk ya sauka a ƙuguna da cinyoyina. Kafaɗata kuwa, har yatsa na zura a ƙarƙashin maratayin.

Mai kantin ya tafa hannu. Ya ce wa ya koya mini? Wai mutane sai ya yi ta fama da su, kowa kafaɗa yake fara ja. Na ce, “Gaya masa 'ya'ya tara na goya. Wannan ai majanyi ne.” Ya ce duk sirrin jakar a nan yake. In ba a ɗaura na ƙugun ba, nauyin gaba ɗaya a kafaɗa da wuya zai rataya, ƙarfen ma ya zama ƙarin kaya.

Da ma mun yi da ƙanin maigida su hau fa a wannan lokacin. 'Yata ta kira ta bidiyo, ta juya wayar ta nuna ni tsaye da jaka a baya. Ga fuskar maigida ta cika waya, ya matso da ita har hancinsa kaɗai nake gani.

“Iye! Soja aka ɗauke ki? Juya in gani.”

Na juya.

“Ita ce. Wallahi ita ce, har ta fi tasu. Ƙarfen fa, ba zai karye ba?”

“Sai dai kai ka karye.”

“Mene ne wannan kika ɗaura a ciki?”

“Shi ne mai ɗaukar nauyin. Ka fara ɗaure shi a ƙugu, kamar yadda nake yi in zan goya yaro.”

Na ji ƙaninsa yana dariya a bayansa.

“Kamar goyo?”

“Kamar goyo.”

“Ni? In ratsa gari da majanyi a ciki, a gaban maharba? A ce matarsa ta tafi ƙasar waje ta bar masa reno?”

“Mutanen da ka gani da ita ai sun ɗaura.”

“Su baƙi ne, ba wanda ya san ubansu.”

“To ka ce ɗamara ce. Ba ka ɗaura ɗamara?”

“Ɗamarata ta layu ce, ba ta da katifa. Ki ce wa mutumin nan ya cire shi kafin ki biya.”

Na ce ba za a cire ba. Ya ce to shi yana da wuƙa. Na ce, “Malam, hannunka.” Ya ce hannunsa lafiya lau, wa ya ce mini wani abu ya same shi? Dariyar ƙaninsa ta ɗauke. Sai wayar ta yanke. Mai kantin ya tambayi 'yata me tsohon ya ce. Ta ce ya ce ta yi kyau.

Laifina ne. Da na ce masa bel ne irin na sojoji, da ya ɗaura yana taƙama. Ni na kawo maganar goyo, a gaban ƙaninsa kuma. Shekara arba'in na san mutumin nan, amma daɗin jakar ya sa bakina ya riga hankalina.

Muka sayi jakar, surukina ya kai ta wurin masu aika kaya ta jirgin ruwa, don na sama ba su tashi sosai. Kafin a naɗe ta na sa aka daidaita ƙarfen a kan awon bayansa, na ɗinke wurin da zare baƙi don kada wani ya taɓa. Ta yi wata da watanni a hanya. Ni kuma sau biyu ana sa mini ranar tafiya ana ɗagawa. Wuraren renon yara a rufe, 'yata ga karatu ga jaririya, ga tsoron kada tsohuwa ta kwashi cuta a hanya. Maigida da kansa ya ce in zauna sai abin ya lafa.

Ana cikin yankan dawa jakar ta isa. Babban ɗanmu ya karɓo ta a Kano ya ba direban garinmu. Da suka hau fa, tambayar farko da na yi ita ce tsawon.

“Ya zauna daidai?”

“Kamar a jikina aka ƙera ta. Tela ya iya awo.”

Na ƙyale shi da telansa. Na ce, “Na ƙugun fa?”

“Na yanke. Na yi wa jaki akumari da shi.”

Ban san lokacin da na miƙa wa 'yata wayar ba. Na shiga ɗaki. Kwana takwas yana kira ina cewa a ce ina wanka. Da na huce muka koma gaisawa, amma ban sake tambayar jakar ba, shi ma bai sake ambatonta ba. Duk ranin nan, in ya ce mini gobe za su shiga daji, ba na iya cin abincin kirki sai na ji sun dawo. In na ce ya hannu, ya ce, “Ga shi ina riƙe da waya da shi.” Ban yarda ba. Na ɗauka da hagu yake riƙewa. Na tambayi ƙaninsa a gefe, ya ce, “Yaya, ni an hana ni magana, wancan karon ma da ƙyar na sha.”

Damina ta sake sauka, nan kuma aka sake rufe gari, kulle mai tsanani. A cikinsa ne zazzaɓi ya kama maigida. Kwana huɗu ya yi. Ba wanda ya gwada shi, ban san ko cutar nan ce ko wata ba. Ba ya iya hawa fa, don haka ban ji muryarsa ba a kwanakin nan huɗu. Ranar da ya cika, da la'asar ɗinmu, ina tankaɗe garin masara, na ga surukina ya fito daga ɗaki ya tsaya a bakin ƙofar kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya durƙusa. Nan take na gane.

Dakata, 'yar nan. Bari in sha ruwa.

Ban ga wankansa da idona ba, ban ga makararsa ba. A hawa na goma sha huɗu na yi takaba. Matan Najeriya da ke Setapak ba su samu zuwa gaisuwa ba saboda kulle, sai dai su aiko da abinci a ajiye a ƙofa. Wata 'yar Filato, Kirista, ma'aikaciya a wani otal, kowace Juma'a sai ta aiko da gwate, har na fita takaba. Allah ya saka mata. Abin da ya fi ci na a kwanakin nan shi ne kwana takwas ɗin da na ƙi ɗaukar wayarsa. Ina lissafa su ina kuka. Ga kuma tunanin cewa ni na aika masa da abin da ya ƙarasa masa wuya, tunda mai kantin ya faɗa, in ba na ƙugun, ƙarfen ma kaya ne.

Bayan sadakar arba'in ƙanin maigida ya hau fa ya kira ni. Muka gaisa, muka yi kuka. Ya ce an raba kayan marigayi, 'ya'ya sun ce bindiga da jaka a bar masa, in na yarda. Na ce na yarda, amma jakar ba ta da amfani yanzu, sai ya nemi baduku ya ɗinka mata wani abin ƙugun.

Ya ce, “Wane abin ƙugu? Ai yana nan.”

Na ce ba ya yanke ba?

Ya ce, “Yaya, ko zare ɗaya bai cire ba. In za mu fita sai ya naɗe shi ta baya ya rufe da riga, ya ratsa gari jakar ba komai a ciki. In mun samu nama, sai ya sunkuya, ya girgiza, ya ɗaure shi tam, yadda ya ga kin yi a waya. Har cewa yake in duba masa ko ya zauna a kan ƙashi. In mun iso ƙirya sai ya kwance, mu raba naman biyu, mu shiga gari da shi a hannu kaɗan-kaɗan, ko da sawu uku ne. Ya rantsar da ni kada in gaya wa kowa, ke ma har da ke.”

Na ce, “Hannun fa?”

Ya ce duk ranin nan bai mutu ko sau ɗaya ba. Mazo biyu suka samu, da gada da yawa, kuma da damansa ya ci tuwo har ranar da ya kwanta.

Na yi kuka sosai, har jikata ta farka ta taya ni. Da na samu numfashi na ce masa ya saurara da kyau. In jini ya taɓa ta, da ruwan sanyi ake wankewa, ba da zafi ba. Kada ya rataye ta inda ake banda, hayaƙi yana cin yadin. Kuma shi ya fi yayansa tsawo, sai ya warware baƙin zaren da na ɗinka, ya ɗaga ƙarfen sama kaɗan, ya sa matarsa ta duba masa bayan.

Ya ce to. Ya ce shi ma a ƙirya zai riƙa kwancewa.

Na ce wannan kuma tsakaninsa da maharba.